Inna Adama da Baƙon Jami'a

Duk wanda ya san Gozaki ya san Inna Adama mai daddawa, kuma ya san bakinta. Mahaifiyata ce, ni Mansur ni ne autanta, don haka ba ƙarya zan yi mata ba: matar nan ko da akuya ta haɗu a hanya sai ta ja ta da hira. Mutum ɗaya ne tak a duniya ba ta yi wa magana, wato ɗanta na fari, Yaya Lawal. Kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da. Tun yana jinjiri kakarmu ta ɗauke shi, Inna kuwa ba ta faɗin sunansa, ba ta zama inda yake. In ya gaishe ta, bango take amsa wa.

Yaya Lawal malamin tarihi ne a jami'a. Shekarar korona da aka rufe makarantu, shi da abokan aikinsa suka ce ba za su zauna haka kawai ba. Mutanenmu na ta cewa cutar ta masu hawa jirgi ce, sai suka shirya ɗaukar muryoyin tsofaffi kan annobar da suka gani da idonsu, a sa a rediyo, ko jama'a sa ji daga bakin nasu. Ya zagaye Ƙafur da Ƙarfi da wayarsa, kuma duk tsohon da ya samu sai ya ce masa ai shekarar kwalara Adama ce ta san ta. Ya dawo ya zauna a zaure jugum. Wallahi ya ba ni tausayi, mutum da furfurarsa amma bai taɓa jin labari ɗaya daga bakin uwarsa ba.

Na je in lallashi Inna ta ba shi labarin. Ta ce ita wannan tazarar da gwamnati ke ta wa'azi a kai, ai tun kafin a haife ni take ba wancan yaron, su zo ta koya masu. Na yi dariya, na kuma ji haushi, na fita.

Washegari da hantsi sai ga shi ya shigo da takunkumi har ƙarƙashin ido, zai wuce ɗakina. Inna na tsakar gida tana shanya kalwa. Ta ɗago ta ƙare masa kallo, sannan ta tambaye ni wane ne wannan baƙon da ba a ganin fuskarsa. Na gane wasan. Na ce wani malami ne daga jami'a. Ta ce to a shimfiɗa wa baƙo tabarma can nesa, ba a barin baƙo a tsaye.

Ai kuwa baki ya buɗe. Ta faɗi yadda a shekarar kwalara aka daina zaman makoki saboda yawan gawa, da yadda masu cewa ƙarya ce suka riga kowa kwanciya. Daga nan ta ce akwai wata yarinya a garin nan da ɗanta na fari ya kamu a hannun kakarsa, aka ce a bar wa Allah. Yarinyar ta shiga ɗakin surukarta a gaban kowa ta saɓa shi a baya, ta kama hanyar asibitin Malumfashi da ƙafa, yana ta zawo a zanenta. Shekara guda ana yi mata gorin rashin kunya a bakin rijiya.

Baƙo ya ƙara miƙo wayarsa gaba. Da ƙyar ya ce, "Inna, yaron ya rayu?"

"Ya rayu mana. Har ya yi furfura, yana yawo da ƙyalle a hanci yana damun mutane da tambaya."

Ta miƙe ta koma kan kalwarta. Ba ta ko waiga ba ta ce, "Mansur, ka ce wa baƙon nan ya sake takunkumi, wannan ya jiƙe."