Zoben da Baba Ya Riƙe

Sunan da 'ya'yana suke amsawa a makaranta na Faransa ne, kuma har yau bakina bai iya kama shi daidai ba. Daga surukina ya fito, mahaifin maigidana, wanda duk muke ce wa Baba. Mutumin ƙasar Mosi ne, ya yi wa Faransa soja kafin ya sauko Tamale ya zauna a Nyohini yana ɗinkin takalma.

Ba sunan gidansu ba ne. A yaƙi akwai wani hafsan soja Bafaranshe da Baba yake ɗaukar wa kaya. Da harsashi ya sami hafsan, kafin ya cika sai ya zare zoben zinariya ya danƙa wa Baba, ya ce a kai wa mutanen gidansu. Baba bai da adireshi, suna kawai ya riƙe. To, a wurinmu ai suna ya isa. Ka sauka a tasha ka ambaci gida, a nuna maka ƙofa. Shi ya sa ya sa wa zuriyarsa sunan, don in dangin mutumin sun zo cigiya su ji shi a gari.

Sai shekarar yunwa ta zo, tamanin da uku. Ruwa ya ƙi, gobara ta cinye gonaki, muna wuni a layi don jar masara. Ina goyo lokacin, nonona yana ƙafewa. Wata safiya maigida ya durƙusa gaban Baba, ni ina bakin murhu ina ji.

"Baba, zoben nan zai riƙe gidan nan har kaka."

"Naka ne?"

"A'a."

"To, ni ma ba nawa ba ne."

Allah ya gafarta mini, ranar na ji haushin tsohon nan.

Ana haka muka ji masu haƙa rijiyar burtsatse sun sauka a Gbalahi, kuma makanikensu Bafaranshe ne. Baba ya sa rigar sallarsa, maigida ya goya shi a keke. Kafin azahar sun dawo. Baba ya shige ɗaki, sai maigida ya ba ni labari. Baturen ya karɓe su da mutunci, har ya miƙe tsaye. Amma da ya ji sunan sai ya girgiza kai. Ya ce ma'anarsa maƙeri. A da kowane ƙauye yana da maƙerinsa, kowannensu kuma ya bar wa jikoki wannan suna, yau sun cika ƙasar ba su san juna ba. Shi kansa ya yi makaranta da masu sunan, ba wanda ya haɗa kaka da wani.

Baba ya tambaye shi, "Ba gida ɗaya ba ne?"

Ya ce, "Ko ƙauye ɗaya ba ne."

Kwana biyu Baba bai taɓa abin ɗinkinsa ba. Na uku ya je wurin liman. Liman ya ce amanar da aka rasa mai ita bayan cigiya, sadaka ake yi da ita a madadinsa. An sayar da zoben, aka shigo da masara, muka girka manyan tukwane a ƙofar gida. Mako guda unguwa tana zuwa da kwanuka. Yaranmu ma layi suka bi kamar kowa, haka Baba ya ce.

Shi bai ci ba. Na kai masa tuwo da zafinsa, ya tura mini kwanon.

"'Yata, ke ci, kina shayarwa. Ni ɗan aike ne."

Da maigida ya ce ko a canja wa yara suna tunda magana ta ƙare, Baba ya daɗe yana murza tsumman da zoben ya zauna a ciki shekara arba'in. Sannan ya ce a bar sunan. Mutumin bai samu komawa gida ba, shi kuwa ba zai kore shi daga wannan gidan ba.