Gwiwar da Na Ɓoye wa Malamata

Assalamu alaikum. Kusan shekara guda ke nan ban ce uffan a shafin nan ba. Saƙonninku ina gani, kunya ce ta hana ni amsawa. Yau zan faɗi abin da ya same ni, har da inda laifina ne.

A lokacin ina shekarar ƙarshe ta karatun jinya a nan Gadarif. Binciken kammalawata a kan 'yan ƙwallon unguwarmu ne. Mutum zai hau benci ya diro, ni kuma in ɗauke shi a waya, mu duba yadda gwiwarsa ke yi idan ya sauka. Wanda tasa ke karkatowa ciki, jijiyarsa na cikin haɗari.

Don gwaji, ni na fara dirowa. Ustaza Nafisa, malamar da ke duba aikina, wadda yaƙi ya koro daga Hartum, ta maimaita hoton har sau uku.

"Ya Haruna, gwiwarka ta hagun nan ba ta yi mini ba. Ka ajiye ƙwallo sai ka ƙarfafa cinyarka."

Na ce, "Ustaza, tun ina yaro haka nake dira, ba abin da ya same ni." Har da dariyata.

Bayan an gama yankan dawa aka gayyace mu wasa a garin Mafaza. Kun dai san ƙasarmu idan ta bushe, ko'ina tsaga. Na tashi sama zan sa kai, na sauko a kan ƙafar hagu, sai na ji ƙas! Kafin magariba gwiwa ta yi kamar ƙwarya.

Na san abin da ya faru. Ni da na rubuta babi guda a kansa. Jijiyar da ke riƙe gwiwa ta ciki ce ta tsinke.

Amma asibitin da ya kamata in je, nan muke horo, kuma kullum Ustaza tana can. Wallahi ba tsoron aikin tiyata ya hana ni ba, haɗa ido da ita ne na kasa. Sai na aika makaranta cewa zazzaɓi nake, na ce wa kawuna ya kai ni wurin basir, mai ɗorin garin.

Basir ya ja ƙafar har sai da na suma. Ya ɗaure ta da itace, ya yi mini lalas da ƙarfe mai wuta wuri uku. Ɗalibin jinya, ina kwance ina kallo, ban ce a'a ba.

Sati shida na yi a ɗakin kawuna. Ɗaya daga cikin wuraren ƙunar ya fara ruwa, ya fara wari, zazzaɓin da na yi ƙarya da shi ya zo da gaske. Ranar da Inna ta zo ta ɗaga tsumman, ba ta yi kuka ba.

"Kai da ake koya wa gyaran mutane, ka kwanta kana ruɓewa? Halas, ya isa, tashi."

A asibiti Ustaza da kanta ta wanke ciwon. Tambaya ɗaya ta yi mini.

"Tun yaushe?"

"Sati shida."

Ta ci gaba da aikinta. Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Gwajin jini, allura safe da yamma, wankin ciwo kullum. 'Yan ajinmu ne ke yi mini, suna koyo a jikina. Sai da ruɓar ta mutu aka yi hoton cikin gwiwa, bayan dogon jira, don garin ya cika da 'yan gudun hijira. Kuɗin hoto da na aiki, Baba ya sayar da riɗin da ya ajiye yana jiran farashi ya tashi. Bai taɓa yi mini gori ba, wannan ma ciwo ne.

Likita ya ce, "Jijiya za mu gyara. Guringuntsin da jan basir ya farfasa kuwa, ba ya dawowa."

Na ce, "Duktur, zan iya tsayuwar jinya?"

"Allahu a'alam."

Abin da ya fi cina ke nan. Jinya aikin tsayuwa ne da ɗaga mutane. A gidanmu ba wanda ya taɓa wuce gona sai ni, ga shi na sayar da ƙafata saboda girman kai.

An yi aiki. 'Yan ajinmu suka yi jarrabawa suka fita, ni ina koyon lanƙwasa gwiwa, ina cizon filo. Daga sanda biyu zuwa ɗaya, wata huɗu. Akwai ranakun da ban yi wa kowa magana ba.

Watan jiya na shiga jarrabawar aiki tare da ƙannenmu na aji. Aka ce in tayar da wani dattijo daga gado zuwa kujera. Na durƙusa yadda aka koya mana, gwiwa ta ɗauki rawa. Tsohon ya ji. Ya ce a hankali, "Ɗana, kai ma dafa ni, mu tashi tare."

Muka tashi. Na ci jarrabawa.

Ba na ce na warke sarai ba. Ƙwallo ya ƙare. Salla a kujera nake yi. Idan na yi awa uku a tsaye, sai ta kumbura.

Duk da haka, alhamdu lillahi. Inna, Baba, Ustaza, 'yan ajinmu, da dattijon da ban san sunansa ba, Allah ya saka muku da alheri.

'Yan ƙwallo, ku ƙarfafa cinya, ku koyi dira, ku duba fili kafin wasa. Idan gwiwa ta yi ƙara ta kumbura nan take, kada a ja, kada a ƙona. Ku tafi asibiti a ranar, ko da wanda ya gargaɗe ku ne zaune a bakin ƙofa.

Kunyar minti biyar na guje wa. Yanzu shekarata ashirin da huɗu, likita ya ce gwiwata ta ɗan sittin ce.