Katako Uku a Gindin Lemo

Shekara arba'in Tela ya yi yana ɗinki a shagon da bai fi tabarma biyu ba, fuskarsa na kallon bango. Duk layin an san shi da tef a wuya, da alli a bayan kunne, da kuma taurin kai iri guda: ba ya yanka yadi da tsohon awo. Ko watan jiya ya auna ka, sai ka sake miƙa hannu.

Burinsa bai taka kara ya karya ba. Dandamalin katako yake so a bayan gida, a gindin bishiyar lemo, inda mutum zai miƙe ƙafa ya kalli sama. Tuni ya kafa turaku huɗu, ya zagaye su da zare. Kullum da la'asar sai ya ɗauki kofin shayi, ya tsallaka zaren a hankali kamar mai hawa matakala, ya zauna a kan kifaffen bokiti, ya lumshe ido. Nan ƙamshin sabon katako zai zo masa, ya ji ƙafafun jikoki dim-dim a kai, inuwar ganye tana yawo a bayan hannunsa. Matarsa takan leƙo ta taga ta ce, "Malam, a sauko daga bene haka, abinci na hucewa."

Da mutane ya auna wurin. Ai shi ke wa kowa ɗinki a gidan, ya san faɗin kowa in ya zauna. Matarsa katako huɗu, ita ta ce uku ne, sharri yake mata. 'Yarsa da mijinta shida, jikoki biyar, shi kansa uku. Sai wasu uku a jikin bishiyar, waɗanda bai taɓa faɗin na wane ne ba.

Ranar da kafinta ya zo, ya duba abin da Tela ya tara a gwangwanin maɓallai, ya sosa ƙeya.

"Baba, katako sha takwas kuɗin nan zai saya, kai kuma ashirin da ɗaya ka zana. Cire ukun can mu fara jibi. In ka jira bayan damina, tsada zai ƙara."

Tela ya ce zai yi shawara. Matarsa kuwa ta san ukun na ƙanensa ne. Shekara tara ke nan da ƙanen ya sayar da keken ɗinkin mahaifinsu bai shawarci kowa ba. Tela ya ce kada ya ƙara taka masa gida, shi kuma, da yake jini ɗaya ne, bai ƙara ba. Tun ranar kewarsa ke cin Tela, bakin ne dai ya ƙi faɗa.

"Malam," in ji matar tana kwashe shanya, "kai da ko wandon jika ba ka yankawa da awon bara, ka ajiye wa mutum wuri da awon shekara tara?"

Washegari bai buɗe shago ba, ya nufi gidan ƙanen. Hawan mota ɗaya ne kawai tsakanin gidajen biyu, abin kunya. Ƙanen ya buɗe ƙofa, ya tsaya sororo.

"Yaya."

Sai Tela ya zare tef daga wuyansa. Ƙanen ya dube shi, ya juya baya, ya ware hannuwa, yadda ya saba tun yana ɗan shekara goma. Kafaɗar ta ragu da inci huɗu, ƙeyar duk furfura. Tausayi ya kama Tela.

"Me za a ɗinka, Yaya?"

"Ba ɗinki ba ne. Wurin zama ne."

Da kafinta ya dawo, bokiti biyu ya tarar a cikin zaren, 'yan'uwan na shan shayi suna kallon sama. Ya ƙare wa baƙon kallo, ya matso kusa da kunnen Tela.

"Baba, wannan ai katako biyu ma sun yi masa yawa. In na rage fenti, sai mu fara."

Tela ya ciro alli daga bayan kunne, ya rubuta tsohon awon a jikin bango.

"Sa uku, mu jira bayan damina. A gidan nan zai riƙa cin abinci, zai cika wurinsa."