Silon da Zai Jure Gaisuwar Surukina

Motata ta farko mota biyu ce aka haɗa. Gangar jikin ta wani Baturen auduga ce da ya tattara ya koma ƙasarsu bayan mun samu mulkin kai, injin kuwa daga wata akori-kura aka ciro shi bayan ta kwanta a rami. Ni a lokacin malamin gona ne a Ikara, sabon magidanci, ga agogo ga jin kai. Na saye ta ina sane da halinta. Ba ta tashi da makulli, sai an zura mata ƙarfen nan mai lanƙwasa ta gaba, wanda muke ce wa hannu, a murɗa. Hannun kuma yana ramawa, ya sha juyowa baya ya doke ni a wuyan hannu. Babban ciwonta dai shi ne ba ta da silo. Da ka ɗaga ƙafa daga totur sai ta yi tari biyu ta mutu. Saboda haka na koyi rashin tsayawa, kowa na gani a hanya ɗaga masa hannu kawai nake yi.

Ranar wata kasuwar Makarfi na hango surukina a bakin hanya, yana biye da jakinsa da aka lafta wa rake. Dattijo ne mutumin Kudan, manomi, mai ƙarancin magana. Na san abin da ya kamata sarai: in tsaya daga nesa, in sauka, in cire takalmi, in durƙusa. Amma na tuna murɗar da zan sha a gaban 'yan kasuwa, sai ƙafata ta ƙi ɗagawa. Na zo daf da shi, na rasa abin yi, na danna masa hon. Har sau biyu. Jakin ya zabura, rake ya watse a ƙasa, ni kuma na wuce. Har yau in na tuna sai na rufe ido.

Maiɗakina a lokacin tana gidansu wankan ɗanmu na fari. Ta yi arba'in, na aika cewa zan zo ɗauka, aka ce ba ta gama hutawa ba. Na sake aikawa, aka ce yaro yana mura. A na uku ƙanin mahaifina ya je, ya dawo da saƙo gajere: dattijo ya ce mai hon ya zo da kansa. Ni kuwa gida ya yi mini faɗi. Yaron nan sau ɗaya na gan shi, ranar suna, ina kau da kai kamar ban san na waye ba. Ina son matata ta dawo, ina son in ɗauki ɗana inda babu mai kallona, kuma babu wanda zan iya gaya wa haka.

Mai hankali da keke zai hau. Amma keke ba zai ɗauko mai jego da jariri da kayan gara ba, sannan ni ban ce ina da hankali ba. Dabarar da na ƙulla ita ce a gyara motar ta iya tsayawa a kunne, in bar ta a ƙofar gida tana aiki, in gaisa, in ba da haƙuri, mu loda mu tafi ba tare da surukai sun ga ina kokawa da ƙarfe ba.

Na kai ta Makarfi wurin wani bakanike, tsohon soja daga kudancin Zariya, Kirista, wanda kowa ke ce wa Saja. Ya buɗe bonet ya leƙa, ya daɗe yana dariya. Can ya nuna mini cewa fulin da ke gaban injin, wato faifan da bel yake zagayawa, na tsohon injin ne, don haka alamar taimin da ke jikinsa, mai nuna lokacin ba da wuta, ƙarya take yi, duk wanda ya saita da ita ya saita iska. Wuta tana zuwa da wuri tun fistin bai kai sama ba, shi ya sa hannun yake rama mini.

Ya kwance fulogi na ɗaya, ya zura tsinke a ramin, ya sa ni ina murɗa hannun a hankali har tsinken ya daina hawa. Nan ya shafa alli a fuli, ya ce wannan ce gaskiya. Ya sassauta dilko, abin da ke raba wa fulogai wuta, ya maƙala siririyar takardar taba tsakanin bakin ƙarafunan ciki, yana juya dilkon kaɗan-kaɗan yana jan takardar har ta zame. Ya ɗaure. Murɗa ɗaya ta tashi, kuma hannun bai rama ba.

Saura silo. Ya ɗauki sukudireba ya tambaye ni tsawon lokacin da nake so ta jure a tsaye. Na ce tsawon gaisuwa ɗaya. Ya tambaya gaisuwar wa. Da na ba shi labari tun daga jaki, sai ya ajiye sukudireban ya ce wannan babban aiki ne, ba a yin sa da ka, sai an gwada. Ya jawo tsohuwar taya ya zauna, ya naɗa tsumman mai a kansa a madadin rawani, ya murtuke fuska.

"Malam, cire takalmi," in ji shi. "Fara."

Na duba hagu da dama. Masu sayar da rake sun riga sun matso. Na cire, na durƙusa, na fara. Mun wuce ina kwana lafiya, muna kan ina gajiya mota ta mutu. Saja ya tashi da rawaninsa, ya ƙara juya sukurun kafireto, na murɗa, muka koma farko. Ta kai mu har ya iyali ta sake mutuwa. A na uku ya ƙara mata da yawa, ta kama ihu har ba ma jin juna. Saja ya ce ai wannan ya fi hon muni, mota tana ɗaga wa babba murya. Ya rage, ya taɓa ɗaya sukurun na mai da iska, yana kara kunne har ƙarar ta kwanta. Wata mai fura kuwa ta gyara mini durƙuso, ta ce irin nawa na mai shirin gudu ne.

A gwajin ƙarshe Saja ya ja gaisuwar iya ja. Ya tambayi damina, da gona, da mutanen Ikara ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce in ba jakin haƙuri shi ma, kuma na bayar. Mota tana ta aiki a hankali, ko tari babu.

Washegari da hantsi na isa Kudan. Dattijo yana kan tabarma a ƙofar zaure da abokansa uku. Na tsaya daga nesa, na bar ta a kunne, na taka ba takalmi na durƙusa. Gaisuwa ta tafi tiryan-tiryan, ina jin injin a bayana, zuciyata fari ƙal. Na ba da haƙuri. Ya kalli motar.

"Malam, sauri kake yi?"

"A'a, Baba."

"To me ya sa ka bar ta tana jiranka? Je ka kashe ta, ka dawo ka zauna."

Da hannuna na kashe ta. Na zauna a gefen tabarma har aka yi la'asar, ana ta hirar rake. Sai bayan salla ya aika ciki a ce ta shirya. Aka loda buhu da ƙwarya da tukunya, maiɗakina ta fito lulluɓe ta shiga baya da yaron. Na sa hannu ƙarƙashin kujera in ɗauko hannun tashi, babu shi. Tun jiya na bar shi a garejin Saja. Da safe a kan gangara na tashe ta, shi ya sa ban lura ba.

Dattijo ya tambaya lafiya. Na gaya masa gaskiya, tun daga dalilin hon har zuwa rawanin tsumma. Abokansa suka yi dariya har ɗaya ya sarƙe da goro. Shi bai yi ba. Ya naɗe babbar rigarsa a kafaɗa, ya ce in shiga. Na fara rantsuwa cewa ba zai yiwu ba, ya sake cewa in shiga, na shiga.

Su huɗu suka tura. Na sa giya ta biyu, na saki kuloci, ta kama nan take. Na kalli madubi. Abokan sun saki sun tsaya suna haki, shi kuwa bai saki ba. Yana biye da sassarfa, tafukansa a jikin mota, idonsa a kan gilashin baya inda 'yarsa take. Sai a lokacin na gane ba hon kaɗai ya sa aka yi ta ce mini ba ta gama hutawa ba. Na rage giya, na ɗaga ƙafa daga totur, mota ta ci gaba da rarrafe da kanta daidai tafiyar dattijo.

"Kada ka taka totur tukuna," in ji maiɗakina.

Ban taka ba, sai da ya saki da kansa a bakin gonarsa.