Tagar Da Muka Fasa Wa Yaya

Shekarar da yayana ya faɗo daga bishiyar ɗorawa, asibitin Kano ya riƙe shi har ya manta ƙamshin ƙasar Yako. Daga wuya zuwa ƙasa babu gaɓar da ke jin maganarsa. Baki kaɗai aka bar masa, shi ma ina jin don a jarraba haƙurinmu ne. Likita ya sallame shi da sharaɗi: a riƙa juya shi dama da hagu, kada jiki ya yi gyambo. Wata nas za ta riƙa zuwa daga Kiru a kan acaɓa tana dubawa. In miki ya buɗe, sai komawa gadon asibiti.

Unguwa ta ɗauki aikin kamar gayya. Maza in sun fito masallaci su biyo su juya shi, matarsa ta shafa mai, ni kuwa da yake malamin makaranta ne, aka bar mini ba da shawara.

In yana kwance a dama, ƙofa yake kallo, kaji da giftawar mutane. A hagu sai jan bango, ko ƙadangare babu.

"Ku bari in mutu tukuna," in ji shi, "can zan ƙoshi da kallon bango."

Maƙwabta suka ji tausayi, suka riƙa barinsa a dama. Tausayin nan ya fito masa a ƙugu, ja kamar zoɓo. Nas ta gani ta ce, "Baba, in na dawo na tarar ya fashe, mota zan kira."

Ranar bai zagi kowa ba, muka san abin ya kai.

Washegari matarsa ta miƙo mini diga. "Malam, yau ba shawara."

Muka fasa bangon hagu daidai idonsa. Da ƙura ta lafa, sai ga damina ta shigo ɗakin: dawa tana rausaya, shanun Fulani suna gangarawa fadama kamar ba sa taka ƙasa, hadari yana tasowa daga wajen Doguwa, shuɗi-shuɗi. Yakan wuni a nan, har in rasa ko barci yake ko kiwo.

Da nas ta dawo, ta tsaya gabansa ta danna ƙugun da yatsa, ta ce ya lafa, ba sai mota ba.

"Madalla, 'yata," in ji Yaya. "Ɗan gusa, kin tare mini shanu."