Ƙirjin Ladan

Jiya lasifikar masallacinmu ta lalace, na kira sallar la'asar da zallar muryata, numfashi ya yanke min a tsakiya. Tun lokacin na kasa zaune na kasa tsaye, sai tuna marigayi kawuna nake, wanda na gada a ladanci.

Wata rana ya danna yatsun hannuna tsakanin haƙarƙarinsa, ya ja iska. Na ji naman wurin ya ɗaure, ƙirjin ya buɗe kamar zugazugi.

Ya ce, "Nan ke jan iska, ɗana. Mai noma a bayan rafi ma yana da haƙƙin ji."

Jiya na gona ba su zo sahu ba. Allah Ya yalwata kabarinsa, ni kuma Ya ba ni irin ƙirjinsa.