Kin Tafi Kin Bar Fabian a Hanya

Ranar Talata, sha huɗu ga Oktoba, 2025, da hantsi, ina tsinke yakuwa a tsakar gida Dantong ya kira ni a waya. Bai gaishe ni ba, abin da bai taɓa yi ba tun yana goye. Cewa kawai ya yi, "Mama Loyis, Mama ta tafi." Haka na sami labarin rasuwar mahaifiyarsa, ƙawata kuma 'yar'uwata cikin Ubangiji, Magadaliya Natana'el Dalyop ta Gada Biyu, bayan gajeriyar jinya, tana da shekara saba'in da ɗaya. Wanda ya ba mu aronta ya karɓi abinsa, kuma ba a jayayya da Shi.

Amma ke Magadaliya ina da magana da ke, kin kuwa san bakina. Kin tafi kin bar mana maigidanki, Baba Natana'el, a kan kujerarsa ta baranda, tsohon da mantuwa ta cinye masa har sunayen 'ya'yansa, yana tambayarmu kowace yamma ko Fabian ya iso. Ba ya cin abinci sai an ba shi amsa. Duk duniya kuwa ke kaɗai kika san amsar, domin ke kika haifi Fabian da bironki.

Bari in yi bayani saboda waɗanda ba su san ki ba. Sana'arki saƙar rigunan sanyi ce, a ɗan shagonki na Tina Junction. Yaran da suka yi makaranta da rigunan da kika saƙa ba su ƙirguwa, wasunsu yau jikoki gare su. Idan damina ta zauna, sanyin Jos ya fara shiga ƙashi, kika hangi yaro yana rawar ɗari a bakin titi, sai ki kira shi ki ce ya zo ya gwada miki wata riga ki ga ko ta yi. In ya sa, sai ki ce ai ta riga ta ɗauki siffarsa, ba wanda zai saya, ya tafi da ita. Na sha yi miki faɗa a kan haka. Ko sau ɗaya ba ki ji ba.

Bayan saƙar nan kina da wata saƙar, ita ce rubuta labarai. Ba a taɓa buga miki littafi ba, ba ki kuma taɓa nema ba. Kina rubutu ne a littattafan 'yan makaranta, a bisa gwiwarki, tsakanin mai saye da mai saye. Ranar Lahadi bayan sujada mu taru a barandarki, ki dafa mana gwate, faten nan namu na tsaki da ganye, ki karanta. Dukan labaranki a wuri ɗaya suke faruwa, wata unguwa da kika raɗa wa suna Layin Kuza, wadda ba ta cikin taswirar kowa. Can akwai Mama Nkoli mai ƙosai, mai faɗan tsiya da zuciyar kirki. Akwai Malam Ɗanliti mai shayi, wanda ya san sirrin kowa amma bai taɓa furta ko ɗaya ba. Sai Fabian, direban gingimari, wanda aka rubuta wa motarsa a goshi: Sannu Ba Ta Hana Zuwa.

Mu da muka tashi a garin nan mun san inda kika samo Layin Kuza. Jos ce ta ƙuruciyarmu, lokacin da ake kai wa maƙwabci shinkafar Kirsimeti, a dawo da kwano da naman Sallah, ba wanda ya tsaya tambaya. Da rikice-rikice suka zo, garin ya rabu, kowa ya kwashi kayansa ya koma cikin nasa, mun rasa maƙwabta da yawa, wasu ko sallama ba mu yi da su ba. A Layin Kuza kuwa ba wanda ya tashi. Kin hana. Shi ya sa muke zuwa, ko da yake gwaten ma yana ja.

Abin da ya fi ɗaure mini kai da ke shi ne yadda kike maganar mutanen nan. Ba ki taɓa cewa "na sa Nkoli ta yi kaza" ba. Sai dai in zo in tarar da ke fuska a murtuke, in tambaya, ki ce Nkoli ce ta ƙi yi miki magana tun shekaranjiya, wai don kin so ki aurar da 'yarta ga wanda bai kwanta mata ba. In ce, "Ke dalla, ba biron yana hannunki ba ne?" Ki dube ni kamar na yi saɓo, ki ce biron ne a hannunki, ba bakinta ba. Har hular sanyi kika saƙa wa Fabian, ja da ratsin kore, wai kina so ki ga yadda za ta yi masa. Da ba a sami kan da za a sa wa ba, Baba Natana'el ya gaje ta.

Ba zan manta da ranar zumuntar mata ba. Lokacin an kawo mana sabon fasto, matarsa ba ta gama sanin mutane ba. Ta ga kin yi shiru ba ki waƙa, ta tambaye ki ko lafiya. Kika ce Fabian ne ke kwance a asibiti a Makurɗi, mota ta kife da shi, ba ki san ko zai tashi ba. Da gaske kike, idonki har ya kawo ruwa. Baiwar Allah ta tsayar da taro, ta sa muka durƙusa, ta yi addu'a mai tsawo, ta roƙa wa Fabian warkarwa, ta roƙa wa likitocinsa hikima. Ni kuwa na cusa bakin ɗankwalina a baki don kada dariya ta kuɓuce mini a gidan Allah. Da aka gaya mata gaskiya daga baya ta zo da fushinta, kika karɓe ta da fara'a, kika ce, "Mama, kada ki damu, addu'ar ta karɓu, jiya ya tashi ya sha kunu." Ita ma sai ta fashe da dariya, daga ranar kuma ba ta sake fashin zaman Lahadi ba.

Babban mai sauraronki dai Baba Natana'el ne. Makanikin manyan motoci ne tun zamanin kamfanonin kuza, don haka motar Fabian a hannunsa take. Kina cikin karatu zai ɗaga hannu ya ce ba haka inji ke mutuwa ba, sai ya yi tari tukuna. Ki soke, ki gyara. Mutum biyu da suka haura shekara arba'in da aure, ban taɓa jin sun ɗaga wa juna murya ba sai a kan birkin motar da ba ta wanzu ba.

Sannan ciwon mantuwa ya zo masa, a hankali, kamar yadda asu ke cin riga. Ya fara da manta inda ya ajiye makulli, ya kai ga Dantong, ɗansa na fari, ya zo daga unguwar Rayfield ya gaishe shi, shi kuwa ya miƙe tsaye yana cewa, "Sannu da zuwa oga, wa ake nema?" Suzana, autarku, ta fita bayan gida ta yi kuka ranar da ya tambaye ta 'yar gidan wane ce. Ni ya daina kiran sunana tuntuni. Amma mutanen Layin Kuza bai taɓa ɓata su ba. Ya san Nkoli, ya san Ɗanliti, ya san wace taya ce ta Fabian ta fi cinyewa.

A lokacin ne Fabian ya ɗauko lodin manja daga Anacha zai dawo Jos, bai kuma sake isowa ba. Kowace yamma ki rufe shago da wuri, ki zauna kusa da tsohon, ki karanta masa abin da ya sami Fabian yau. Yau taya ta fashe, gobe ruwa ya cinye hanya, jibi ya tsaya raba faɗa a kasuwar doya an kama shi shaida. Tsohon yana ci yana mita, yana cewa ai ya faɗa masa ya canza tayar nan. Kafin a gama labari kwano ya ƙare. Shekaru ana haka, motar tana rarrafe, Inugu, Makurɗi, Lafiya, Akwanga. Ni tausayin Fabian ya ishe ni. Na ce miki wannan mugunta ce, ko jaki aka ɗora wa manjan nan da ya iso, ki bar bawan Allah ya ga gida mana. Kika ci gaba da saƙarki, kika ce, "Loyis, ba ni na tsare shi ba, ba a shirya ba ne." Na ɗauka irin maganganunki ne da kika saba.

Ranar da kika rasu an gaya wa Baba. Ya yi kuka, ya yi barci, ya farka yana tambayar ina kike. Aka sake gaya masa, ya sake kuka sabo fil, kamar bai taɓa ji ba. Dantong ya ce a daina, wannan azabtar da tsoho ne, aka koma ce masa kina shago. Wannan ya yarda da shi. Amma da yamma ta yi ya sa jar hularsa ya tambayi Fabian, sai kowa ya dubi ɗan'uwansa. Aka kawo abinci ya ture. Dantong ya so ya tafi da shi Rayfield inda za a fi kula da shi, tsohon ya riƙe hannun kujera ya ce in ya tafi wa zai tari motar. Har aka yi jana'iza aka watse, ruwan shayi kawai ke shiga cikinsa, yana ramewa muna kallo. Suzana ta zo har gida ta durƙusa, ta ce, "Mama Loyis, ke kika fi kowa jin labaran nan, ki taimake mu."

Na je na zauna a kujerarki. Ni ba marubuciya ba ce, amma na ce yau dai zan yi abin da kika ƙi yi. Kin bar Fabian a gindin Hawan Kibo, doguwar hawan nan da ake yi kafin a shigo Jos, sai na tayar masa da mota. Na hawo da shi tsaf ba ko tari, na wuce da shi Bukuru, na shigo da shi Layin Kuza yana danna ham. Na sa Nkoli ta bar ƙosai a wuta ta fito tana guɗa, Ɗanliti ya haɗa masa shayi mai kauri. A raina na ce tsoho zai yi murna ya ci abinci.

Ya saurara har na gama. Ya cire hular ya ɗora a gwiwa, ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ɗago, idonsa tar, irin kallon da rabona da shi an yi shekaru.

"Loyis," ya ce. Sunan nan nawa da ya daina kira tuntuni. "Injin nan ba zai hau Kibo ba. Magadaliya ta sani. Ba za ta bar shi ya hau ba."

Ya tsare ni da ido, ya tambaya.

"Ta mutu, ko?"

"Ta huta, Baba."

Kukan da ya yi ranar daban yake da na baya. Na baya firgita ce, wannan kuwa na mutumin da ya san abin da ya rasa ne. Ni ma na yi, Suzana ma ta yi a bakin ƙofa. A nan na gane maganarki, ƙawata, na kuma ji kunyar duk surutun da na yi miki. Muddin Fabian yana hanya, tsohon yana da abin jira, yana da dalilin kai gobe. Ba labari kike ja ba, mijinki kike riƙewa.

Da ya yi shiru, ya goge fuska da hular, ya mayar da ita kansa. Ya ce, "Ki mayar da shi hanya, Loyis. Ban shirya ba." Sannan ya tambayi Suzana ko akwai sauran gwate.

Washegari hasken nan ya tafi, ya koma ce mini madam. Na gaya masa isowar jiya mafarki ce Fabian ya yi yana kwance ƙarƙashin mota. Ya ce ai ya sani, wannan direba barci ya yi masa yawa. Tun daga nan kowace yamma ina Gada Biyu. Labarina ba ya kai naki daɗi, tsohon yana gyara mini fiye da yadda yake gyara miki, amma yana cin abincinsa. Kuma in gaya miki abin da zai ba ki dariya: shekaranjiya na so in sa Nkoli ta tafi ganin gida, matar nan ta ƙi fur, ta ce ba inda za ta sai motar ta iso.

Allah ya ji ƙanki, Magadaliya. Ubangijin da kika yi wa waƙa tun kina budurwa ya karɓe ki cikin salamarsa, ya gafarta miki kurakuranki, ya lulluɓe ki kamar yadda kika lulluɓe 'ya'yan mutane. Ina miƙa ta'aziyyata ga Baba Natana'el Dalyop, Allah ya riƙe shi da hannu biyu. Ga Dantong da iyalinsa, ga Suzana, ga jikoki da dangi na gida da na nesa, Allah ya ba ku haƙuri, ya tsare bayanta. Ga matan zumunta da maƙwabtan shagonta na Tina Junction, Allah ya ta'azantar da mu duka. Ba zan kuma tsallake mutanen Layin Kuza ba, ko za a yi mini dariya, domin su ma uwa suka rasa.

Ki huta, ƙawata, kin riga mu isa. Fabian yana nan gindin Kibo yana jiran injinsa ya huce, kuma na yi miki alkawari ba zan hawo da shi ba sai ranar da tsohon ya shirya.